Yadda Ake Kammala Farfaɗo da Tsohuwar Hilux Bayan An Ɗora Mata Injin 3RZ

Ranar da aka sauke sabon inji cikin tsohuwar akori-kura aka ɗaure notinan zauninsa, a ranar ce mai mota yake fara tambayar yaushe zai zo ya ɗauki abarsa. Alhali kuwa a nan ne aikin gaske yake somawa. Ɗaga inji da ƙugiya bai wuce aikin yini guda ba. Abin da ke cin makonni shi ne haɗa shi da jikin da aka ƙera tun kafin a yi tunanin ƙera shi: hanyar mai, wayoyi, ruwa, salansa, birki.

Motar da zan yi magana a kanta ita ce Toyota Hilux zubi na huɗu, wadda aka ƙera daga 1983 zuwa 1988, mai ja da ƙafa huɗu, mai dunƙulallen aksil a gaba, wadda ta zo da injin 22R mai kafireto, cc 2,366. Mutanen Sahel ba sa buƙatar a gabatar musu da ita. Irin waɗannan akori-kura ne, tare da Land Cruiser, sojojin Chadi suka hau a 1987 suka fatattaki tankokin Libiya, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota. Injin da za a ɗora mata kuwa 3RZ-FE ne, wanda ya fito a 1994: silinda huɗu, cc 2,693, bawul 16, sarƙar taimin maimakon bel, ƙarfin doki 150. An sa shi a Hilux, da Prado, da Tacoma, da T100, da 4Runner, don haka kayansa ba sa wuyar samu.

Abu ɗaya nake roƙo tun daga farko. Wannan inji ya zo da injekta, da ƙwaƙwalwarsa, wato burenbos, da sensoshinsa. A bar shi da su. A garejojinmu an saba, da zarar wayoyi sun ba da wahala sai a ce a cire injekta a mayar da shi kafireto. Wanda ya yi haka ya biya kuɗin inji na zamani ya koma da shan mai da wahalar tashin safe irin na tsoho. Duk matakan da ke ƙasa an gina su ne a kan cewa motar ce za a gyara ta dace da injin, ba injin za a datse ya dace da motar ba.

Kada ka yi fenti tukuna

Ɗorawar farko ta gwaji ce, injin zai sake fitowa. Da yawa sukan fesa wa ɗakin inji fenti mai sheƙi, sannan su dawo suna huda shi da dirila, mai walda yana ƙona shi. Jera komai a mazauninsa tukuna, lagireto, batir, akwatin iska, akwatin fiyus, bututan birki. Huda duk ramin da za a huda, a yi duk waldar da za a yi. Sai a fitar da inji, a kankare tsatsa, a yi fenti, a mayar.

Kafin ma a kai nan, in injin ɗan Beljiyam ne, daga kasuwar Ladipo ta Legas ya zo ko daga Ƙofar Ruwa ta Kano, a auna matsin silindoginsa. Toyota ta ce lafiyayye, a ma'aunin matsi na psi, yana ba da 178 ko sama, mafi ƙaranci da za a lamunta 127, kuma bambancin silinda da silinda kada ya wuce 14. Sannan tun yana ƙasa a canza sil ɗin bayan kiranshaf, da famfon ruwa, da tamostat, da gaskit ɗin murfin bawul. Sil ɗin nan na baya kuɗinsa kaɗan ne, amma in ya fara ɗiga bayan an haɗa, sai an sauke giya gaba ɗaya kafin a kai gare shi.

Kuma ka tabbata ka karɓo injin da dukan 'yan rakiyarsa daga mota guda: burenbos, damin wayoyi ba a yanke ba, sensar iska, kwayil da iginaita, altaneta, kik. Na farkon 3RZ sun zo da distiributa, na baya kuma da kwayil-kwayil, wayoyinsu ba sa shiga juna. Wasu na baya-bayan nan suna da makullin tsaro a cikin burenbos, in ba a zo da makullinsu da na'urar karanta shi ba, ba za su tashi ba.

Giya, kasko da zauni

In motar tana da giyar W56, riƙe abarka. Ƙoƙon gaban giyar W59, wadda ke zuwa da 3RZ, yana ɗauruwa a jikin W56, sai ka haɗa da filawil da kulocin 3RZ. Dalilin da ya sa ba a ɗauko giyar Tacoma dungurungum shi ne, ogzilarinta, wato ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, yana fitar da furofelar gaba ta hagu, tsohuwar Hilux kuwa tulun aksil ɗinta na gaba a dama yake. Bututun man kuloci sai an lanƙwasa sabo, domin tsohon ba zai kai inda ake so ba.

Kaskon baƙin mai na ƙasa shi ne inda ake yawan yin kuskure. Aksil ɗin gaba yana hawa yana sauka, kuma ratar da ka gani mota tana tsaye ba ita ce ratar da za ta rage in ta faɗa rami da kaya ba. Masu wannan aiki a Amurka sukan nemi kaskon T100 mai ja da ƙafa biyu, wanda zurfinsa ke baya, tare da bututun tsotson mansa da sandar awonsa. Ko wanne ka samu, gwada shi haka: auna tazarar da ke tsakanin aksil da robar da ke tare shi a jikin shasi, sannan ka tabbata tazarar kasko da tulun aksil, da kuma sandar sitiyari, ta fi wannan. A murza sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ana kallo.

Zaunin inji a yi shi da ƙarfe mai kauri, a bar robobinsa na asali. Kada a ɗaure inji ƙarfe da ƙarfe. In giya ta tsaya a mazauninta na da, furofela ba ta buƙatar yanka, kuma wannan babban sauƙi ne.

Hanyar mai

A nan zan daɗe, domin a nan ne motoci suke ƙonewa.

Kafireto yana shan mai ne a matsin da bai wuce psi 3 zuwa 5 ba. Injektocin 3RZ suna son 38 zuwa 44. Kusan ninki goma ke nan. Duk wani tsohon tiyon roba da ya yi shekara talatin yana ɗaukar mai a hankali, in aka tura masa wannan matsi zai tsage, kuma ba ɗiga zai yi ba, feshi zai yi. A cire su duka. Tiyon da za a saya a duba jikinsa a ga an rubuta SAE J30R9, wanda aka yi don injekta. Guntun da ke zama cikin tanki, nutse a fetur, nasa daban ne, J30R10. A ɗaure su da kilif na injekta mai santsin ciki, ba mai haƙora da ke cin roba ba. Inda hanya ta yi tsawo a bi da bututun ƙarfe, a kama shi a jikin shasi da maɗauri mai roba kowane taku biyu.

Sai tanki. Na kafireto fili ne a ciki, mai yana kai-komo yadda ya ga dama. Kafireto bai damu ba, yana da ɗan kofinsa na ajiya. Injekta ba shi da ajiya: in mai ya gudu gefe guda a kan kwana ko hawa, famfo ya shaƙi iska, nan take inji zai yi tari, famfon kuma yana lalacewa domin fetur ne ke sanyaya shi. Mafita mafi tsabta ita ce tankin Hilux ɗin zamanin wadda ta zo da injin 22R-E, domin yana da mazaunin famfo da ɗan kwano a ciki. In bai samu ba, a sa ƙaramin tankin tsakiya na lita ɗaya ko biyu: famfo mai ƙaramin matsi ya cika shi daga babban tanki, mai babban matsi ya ɗiba daga gare shi. Tsohon tanki kuwa, in za a ci gaba da shi, a sauke a wanke a duba tsatsa. Ƙurar da kafireto ke haɗiyewa ita ce ke toshe bakin injekta. Kuma kada a kusanci tankin fetur da wutar walda don an ce an wanke shi, tururin da ya rage ya isa ya fashe.

3RZ yana mayar da rarar mai tanki, saboda haka layi biyu ake buƙata, na zuwa da na komawa. A sa sabuwar matatar mai ta ƙarfe, irin ta injekta.

Wutar famfo kada a ɗauko ta kai tsaye daga makulli. Burenbos yana da waya mai suna FC wadda ke kunna rilen famfo, kuma yana yanke ta da zarar inji ya daina juyawa. Amfanin wannan shi ne ranar hatsari: inji ya mutu, bututu ya fashe, direba bai samu kashe makulli ba. In an yi haɗin kai tsaye, famfo zai ci gaba da zuba fetur a kan ƙarfe mai zafi. Duk rewayan da ya ce maka ai duk ɗaya ne, ka ce masa a'a.

Salansa ta sauya gefe

Injin 22R yana fitar da hayaƙi ta hagu. 3RZ ta dama yake fitarwa, kuma a daman nan ne tankin mai da bututan mai da na birki suke. Don haka bututun salansa sai ya sauko ya tsallaka ƙarƙashin giya ya koma hagu, ya bi tsohuwar hanyarsa. Wurin tsallakawar a lura da furofelar gaba, ita ma tana hawa da sauka. Duk inda salansa ta matso kusa da bututun mai ko na birki, a janye bututun, ko a sa farantin kare zafi da iska a tsakaninsu. A bar ramin sensar oksijin kusa da manifol kamar yadda yake a motar da injin ya fito, kuma kada a bar ko ƙaramar ɓula a gabanta, domin iskar waje tana shiga ta ruɗe ta, burenbos ya ɗauka mai ya yi kaɗan ya ƙara.

Batir ma yakan yi ƙaura. A tsohuwar motar yana gaba ta dama, inda akwatin iskar 3RZ yake son zama, sai a mayar da shi hagu. Ina ba da shawarar akwatin iska rufaffe mai matatar takarda, ba buɗaɗɗiyar matatar nan mai kamar mazurari da ake sawa don ado ba. Wanda ya san ƙurar hunturu a hanyar Gashuwa ko ta Agadas ba sai an yi masa bayani ba.

Wayoyi

Kafin a taɓa waya ko ɗaya, a nemo zanen wayoyin motar da injin ya fito daga cikinta, na shekararta, da na tsohuwar Hilux ɗin. Ba a yin wannan aiki da ka. A shimfiɗa damin wayoyin a ƙasa, a bi kowace waya a manna mata suna.

Abin da ke tsoratar da mutane yawansu ne, amma mafi yawansu tsakanin inji da burenbos suke, ba ruwansu da kai. Waɗanda za ka haɗa da jikin motar 'yan kaɗan ne: BATT, wutar dindindin da ke riƙe ƙwaƙwalwa, +B, wadda ke zuwa ta babban rilen injekta in an kunna makulli, STA, mai shaida wa burenbos ana buga kik, FC ta famfo, W ta fitilar gargaɗi, da SPD ta gudun mota. Wannan ta ƙarshe ana yawan watsar da ita tunda tsohuwar motar da igiya agogon gudunta ke aiki. Rashinta yana kunna fitila, kuma inji yakan mutu in an saki totur ana shirin tsayawa. Wasu agogunan zamanin suna da ɗan makunnin da ke ba da wannan sigina a bayansu. In naka babu, akwai sensar da ake ɗaurawa a bakin igiyar a jikin ogzilari.

Kowane layin wuta da fiyus ɗinsa, kusa da batir. Haɗin waya a matse shi da kan waya na ƙarfe ko a yi masa dalma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba haɗi ba ne, wata shida zafi zai kwance shi. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa zoben roba. Burenbos a cikin gida zai zauna, bayan dashbod, sama da inda ruwa zai iya kaiwa.

Wayar at kuma, wato wadda ke mayar da wuta ta jikin ƙarfen mota, bayan sabon fenti, ita ce ke haukata mutane. Fenti ba ya wuce wuta. A kankare har ƙarfe ya fito fari a wuri uku, batir zuwa inji, inji zuwa shasi, inji zuwa bodi, a ɗaure, a shafa giris a kai.

Agogon zafi na dashbod da sensar tsohon injin ya saba, a nemo mata mazauni a sabon, a bar ta burenbos daban. In motar tana da allurar matsin baƙin mai, kada a haɗa ta da makunnin fitila na sabon injin, zai ƙona ta. A bar soket ɗin na'urar bincike a inda hannu ke kaiwa.

Ruwa

Sabon lagireto, ko tsohon da aka buɗe aka wanke. Fanka ta asali mai kuloci tare da rumfarta ta fi yawancin fankokin lantarki na kasuwa jan iska, in dai akwai wuri. Rumfar nan ba ado ba ce, ita ke tilasta iska ta bi ta cikin lagireto in mota tana tsaye a cunkoso a watan Afrilu.

Tamostat kuma a bar shi. Na san an gaji cire shi, ana cewa na ƙasar sanyi ne. Yana buɗewa ne a digiri 82, kuma burenbos yana jiran ruwa ya yi zafi kafin ya rage mai. In babu shi inji yana daɗewa bai kai zafinsa ba, yana shan mai fiye da kima, fetur yana wanke bangon silinda. Motar da ke zafi da tamostat a ciki, matsalarta tana wani wuri. A zuba kulant da aka haɗa da ruwa mai tsabta, ba ruwan rijiya zalla ba, domin kan silindar alminiyom ne.

Tashin farko

A zuba baƙin mai, lita biyar da ɗoriya, a duba sanda. A cire fulogogi, a zare fiyus ɗin injekta, a buga kik daƙiƙa goma-goma ana hutawa har fitilar mai ta mutu. Injin da ya yi watanni a kwantena ya bushe, kada ya tashi a haka.

Sai gwajin mai. A nan ga abin da ke ruɗa wanda ya saba da wasu motoci: ka murɗa makulli, ka kasa kunne, ba ka ji kukan famfo ba. Ba lalacewa ba ce. Toyota na zamanin wannan injin ba sa kunna famfo sai inji yana juyawa. Don gwaji, a ba famfon wuta kai tsaye na ɗan lokaci, inji a kashe. Ka bi layin tun daga tanki da farar takarda a hannu, kana dangwala ta a kowane haɗi, kana shinshinawa. Ɗigo ɗaya ya isa a tsaya. Abin kashe gobara yana gefe, kuma a fili ake wannan, ba cikin rufaffen shago ba.

In komai a bushe yake, a mayar da fulogi da fiyus a tayar. Mutum biyu ake so, ɗaya a kan makulli idonsa a fitilar mai, ɗaya a gaban inji. In fitilar ba ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan ba, a kashe. Zai tashi da ɗan ƙarfi, sannan ya sauko wajen juyi 700 in ya yi zafi. A bar murfin lagireto a buɗe, gaban motar a ɗage kaɗan, ana kallon kumfa tana fita ana ƙara ruwa. Ka riƙe tiyon lagireto da ke zuwa gidan tamostat: zai daɗe da sanyi, sai can ka ji ya ɗau zafi a tafin hannunka, ruwan cikin lagireto ya faɗa ƙasa. Tamostat ya buɗe ke nan. A cika, a rufe. Mita a kan batir ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5. A karanta lambobin kuskure, a gyara abin da suka nuna. Cire ƙwan fitilar gargaɗi ba gyara ba ne.

Birki kafin titi

Motar ta samu ƙarin ƙarfi da kusan rabin abin da take da shi a da, birkinta kuwa na shekara arba'in ne. Sababbin tiyoyin roba, sabon man birki, a duba masta da kofunan baya, a duba tiyon iskar da ke zuwa daga manifol zuwa tulun birki. A baya akwai bawul mai sanda da ke daidaita ƙarfin birki gwargwadon nauyin kaya. In an ɗaga motar ko an canza sifirin, sai an sake saita shi, kuma shi ma ana cire masa iska. Tayoyi a duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefensu, mako da shekarar ƙira ne. Taya mai shekara goma ta tsufa ko da zanenta bai goge ba.

Fitar farko zagayen unguwa ce, a dawo a leƙa ƙasa. Ta biyu kilomita ashirin, da hawa da kwana, tanki kuma kwata, don a ga ko famfo zai shaƙi iska. Bayan kilomita 100 a sake bin notinan zaunin inji, na furofela, na salansa da na tayoyi da sufana, a duba ko wata waya ko tiyo ta fara gogar ƙarfe. A kilomita 500 a zubar da baƙin mai da matatarsa. Sai bayan nan ne za a shimfiɗa kafet, a ɗaura kujeru da sauran kayan ado, domin kafin lokacin za a buɗe dashbod fiye da sau ɗaya.

Lambar inji tana cikin takardun mota, yanzu kuma ta canza. A adana rasiɗin sayen injin mai ɗauke da lambarsa, a je ofishin lasisi a gyara takardu, a sanar da kamfanin inshora. Sannan a rubuta a ɗan littafi shekarar injin da motar da ya fito, irin kulocin da aka sa, lambar matatar mai, da abin da kowane fiyus yake karewa, a haɗa da zanen wayoyin a ajiye a aljihun dashbod, domin makaniken da zai buɗe bonet ɗin nan a wani gari ya san abin da ke gabansa.